Wasan da Ba a Yi wa Ƙurunƙus Ba

Ranar Juma'a da daddare, bayan 'yan kasuwar Wudil sun dawo gida, teburin mai shayin garinmu kan cika fiye da kullum. Wanda ya sayar da akuya yana da kuɗin ƙwai da burodi, wanda bai sayar ba yana da labari. A irin wannan dare ne na tarar da Baffana ya ɗora ƙafa ɗaya kan benci yana musu da yaron nan mai rumfar cajin waya ta bakin masallaci. Na zaci maganar taki ce ko siyasa. Ashe kan wasan talabijin ɗin nan, Daɗin Kowa, ake ta da jijiyar wuya.

"Wasan nan ya daɗe da mutuwa," in ji Baffa. "Gawa ce ake ta shafa wa turare. Da can in aka fara, ko tuwo aka kawo sai ya huce. Yanzu kuwa tun mutum bai buɗe baki ba na san abin da zai faɗa."

Yaron ya ce, "Allah ya huci zuciyarka Baffa, amma wasa yana nan da ransa. Ni nake tura wa mutane a waya, na san abin da ake nema. Ku ne dai kuka gaji."

"Ni ne na gaji? Kai ɗan nan, ana haska wasan nan kana yawo ba wando."

Baffa ya ɗan yi ƙari, amma ba mai yawa ba. Lokacin da aka fara wasan yaron yana firamare. Yau yana da rumfa da faifan sola biyu a kan rufinta, ana maganar kai kuɗin aurensa in an yi kaka. A riƙe wannan, don a nan kan zaren yake.

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya fara fitowa a cikinta a farkon 2015, shekara ɗaya bayan nan kuma ya ci kyautar Africa Magic a ɓangaren wasannin Hausa. Tashar ba ta neman kuɗin wata, in kana da faranti da akwatinsa shi ke nan, abin da ya sa ta shiga ƙauyuka da wuri. Garinmu turakun wuta akwai su, wutar ce sai an yi sa'a, don haka a gidan kallo muka san wasan, da ƙarar janareta a bayan zana. Litar mai a lokacin naira 87 ce a farashin gwamnati. Wasan ba barkwanci ne zalla ba, akwai soyayya, akwai zaman Musulmi da Kirista, akwai shaye-shaye da almajiranci. Amma mu a nan don dariya muke zuwa, don Kamaye da Adama, don Ɗantani mai shayi, don Malam Nata'ala. Saboda haka in Baffa ya ce wasa ya mutu, abin da yake nufi shi ne ya daina ba shi dariya.

Hujjarsa ta farko, wadda ita ce hujjar kusan duk mai wannan ƙorafi, maimaici. An san abin da kowa zai yi. Da farko na yarda da ita, daga baya na ga ba ta tsayuwa da ƙafarta, aƙalla a ƙasar Hausa.

Kakarmu ta yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba adadi. Tun kafin ta ce ga ta nan ga ta nanku mun san Gizo zai yi kwaɗayi, zai shirga ƙarya da tsamin bakinsa, dabarar za ta juye masa ko ya sha da ƙyar. Ban taɓa jin yaron da ya ce Gizon bana bai kai na bara ba. Tashe fa? Kowace shekara in azumi ya kwana goma yara sukan fito da gemun auduga da rigar buhu, waƙoƙin su ne dai waɗanda iyayensu suka yi, mutanen gida kuma su yi dariya su ba da hatsi. Bakano da Bazazzagi sun yi ɗaruruwan shekaru suna jifan juna da zolaya iri ɗaya. Bafulatani da Babarbare haka. Kaka tana kiran jikanta maigida tun yana goye har ya yi gemu, kullum tana ƙorafin bai kawo cefane ba, kullum kuma abin yana ba da dariya. Shi kansa Baffa, akwai taubashinsa da suke tsokanar juna kan wani jaki da ya kayar da ɗayansu tun zamanin Shagari. Mutanen da suka iya dariya kan jaki ɗaya shekara arba'in ba za a ce maimaici ne ke kashe musu daɗi ba.

To me Gizo yake da shi wanda wasan talabijin ba shi da shi?

Gizo yana da ƙurunƙus. Kowace tatsuniya tana ƙarewa a darenta. In an yi wa Gizo dukan kawo wuƙa yau, gobe zai fito garau, ba tabo, ba bashi, ba wanda zai tambaye shi ina alkawarin jiya. Ba ya tsufa, 'ya'yansa ba sa girma, Ƙoƙi ba ta gajiya ta tafi gidansu ta ƙi dawowa. A duniyarsa ba a ƙirga kwanaki. Shi ya sa rashin hankalinsa ba ya yi wa kowa ciwo.

Wasa mai dogon zango irin namu kuwa ya ɗaure awaki biyu a turke ɗaya, ɗaya na jan gabas ɗaya na jan yamma. Ta gabas ita ce alkawarin labari: ku dawo mako mai zuwa ku ga ko za a ɗaura auren, ko asiri zai tonu, ko alƙali zai yanke hukunci. Wannan alkawari yana buƙatar lokaci ya riƙa tafiya, a yi ciki a haihu, yaro ya shiga makaranta, wani ya mutu. Ta yamma ita ce alkawarin dariya, shi kuma yana buƙatar mai ba da dariyar ya tsaya cak a inda yake. A ce magidanci ne malalaci mai wayon tsiya, kullum yana zille wa cefane. In ya tuba ya kama sana'a, dariya ta ƙare, marubuci ya yanka kazar da ke yi masa ƙwai. In kuma bai tuba ba, shekara ɗaya, biyu, biyar, goma, alhali a cikin wasan muna ganin 'ya'yansa suna girma, matarsa tana tsufa a gabanmu, to ya tashi daga Gizo ya koma wani mutum da muka sani a unguwa, wanda ya lalata rayuwar iyalinsa. Irin wannan mutum ba a yi masa dariya, tsaki ake yi masa. Kalaman bakinsa ba su canza ba, fuskarsa ce ta yi furfura a kansu.

A ƙauye wannan ya fi fitowa fili, domin mu muna auna shekaru da abin da ido ke gani. Shekarar da aka fara wasan an san wanda ya yi aure a cikinta, an san 'yarsa yanzu tana kai tallan fura. An san dattawan da suka zauna a layin gaba a gidan kallo waɗanda yau suna maƙabarta. Mai cajin waya ya tashi daga ɗan firamare ya zama mai neman aure. Duk garin ya motsa. Sai mutum ya kunna wasa ya tarar da wancan bawan Allah yana nan yana wayon da yake yi tun kafin a haifi jikarsa.

Masu barkwancin da suka tsira daga wannan tarko, in ka duba, yawancinsu sun yi wa kansu ƙurunƙus ta wata hanya. Mista Bin na Ingila, wanda ba gidan kallon da bai haska shi ba, mutane da yawa suna zaton wasanninsa ɗaruruwa ne. Na talabijin da ya fito da jikinsa guda 15 ne kacal, tsakanin 1990 da 1995. Ya tsaya tun ana marmarinsa, shi ya sa har yau ake tura shi a waya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, nan maƙwabtanmu, ya bi wata hanyar daban. Fina-finansa ba su ƙirguwa, da yawansu kuma irin waɗanda ake kira camama ne, a ɗauka cikin 'yan kwanaki a kai kasuwa. An yi ta kushe su a lokacin. Amma Ibro yau direba ne, gobe boka, jibi ɗan siyasa, kowane fim da ƙarshensa. Bai taɓa shiga sabon fim ɗauke da bashin tsohon ba. Gizo ne sosai, sai dai mai fuska. Ya rasu a Disambar 2014, 'yan makonni kafin Daɗin Kowa ya fara, kamar dai wani zamani ne ya miƙa wa wani sanda.

Sai dai akwai misalin da ke nuna lokaci ba shi kaɗai ne mai laifi ba. A Amurka akwai wasan zane mai suna The Simpsons, wanda ake yi tun 1989, ya haura kashi 700. Tun da zane ne, masu shi sun tsayar da agogo: yaron gidan, Bart, shekararsa goma tun ranar farko har yau. Ba furfura, ba girma. Duk da haka masu kallonsa sun shafe fiye da shekara ashirin suna irin musun Baffa, yawancinsu suna cewa daɗinsa ya tsaya a shekaru goman farko. Har sun ƙirƙiri kalma daga sunan maƙwabcin gidan, Ned Flanders, don bayyana ciwon. Shi wannan maƙwabci da farko mutumin kirki ne mai fara'a, riƙon addini ɗaya ne daga cikin halayensa. Da tafiya ta yi nisa sauran halayen suka zube, ya zama ba abin da ke fita daga bakinsa sai tsananin addini.

Wannan ciwo na kowane wasa mai tsawon rai ne, kuma yadda yake kama mutum abin lura ne. A ce an ƙirƙiri marowaci. A zangon farko rowa ɗaya ce cikin halayensa biyar ko shida. Yana son 'yarsa ta fari, yana tsoron yayan matarsa, yana da wani abokin ƙuruciya da yake jin kunya, wata rana ma yakan yi kyauta a ɓoye. Sai a yi wata fitowa inda ya zauna yana ƙirga ƙwayar magi kafin ya fita. Gari ya ɗauka. Duk inda ɗan wasan ya bi a kasuwa ana kiransa da wannan magana. Marubuci yana da kunne, sai ya sake kawo ta, wannan karon da gishiri ma ake ƙirgawa. Zango na gaba ashana. Son 'yar da tsoron surukin ba wanda ya yi ta maimaita su a teburin shayi, don haka a hankali suka daina samun wuri a takarda. Bayan shekara biyar ba sauran mutum, sai rowa mai tafiya da ƙafa biyu. Gungumen da aka sara don turmi an yi ta sassaƙa har ya koma muciya.

Wa ya riƙe gizagon? Mu ne. Ni shaida ne Baffa yana cikin waɗanda suka fi kowa haddace irin waɗannan kalamai yana zuba su a majalisa. Abin da muka yi wa tafi shi aka ƙara mana, har ya gundure mu, muka juya muna zagin mai dafawa. Yanzu kuma abin ya ƙara sauri, tun da ana yanko guntun minti ɗaya a watsa a TikTok da Facebook. Guntun da ke yawo shi ne na ihu da zare ido da faɗuwa ƙasa. Fitowar da mutum biyu suka zauna shiru, ɗaya ya faɗi magana mai harshen damo, ɗayan ya gane bayan daƙiƙa uku, ba ta yankuwa, sai wanda ya san abin da ya gabata zai ji daɗinta. To ita ce irin dariyar da ke sa mutum ya ƙaunaci wasa, ita ce kuma ta farko da ake rasawa.

Ga kuma sauyin hannu. Da wuya wasa ya shekara goma da marubutansa na farko cif. Wanda ya ƙirƙiri mutum yakan ɗauko shi ne daga wani da ya sani, wani kawunsa, wani mai kanti a layinsu, don haka ya san abin da mutumin zai yi ko a yanayin da ba a taɓa nunawa ba. Wanda ya gaje shi a talabijin ya san mutumin. Na uku kuma daga na biyu ya kwafa. Duk wanda ya taɓa kai takardar da aka yi wa fotokwafi sau huɗu ofis ya san yadda rubutun ke komawa. Haka in ɗan wasa ya rasu ko ya bar aiki. Barkwanci da yawa na mutum biyu ne, wannan ya jefa wancan ya cafe, in ɗaya ya tafi wanda ya rage yakan zama kamar mai dambe shi kaɗai a fage.

Maganar kuɗi ba ta da wuyar fahimta. Kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha da masu turi, sai kullen korona na 2020 ya ƙarasa tura Kannywood zuwa fina-finai masu dogon zango. Kwana Casa'in ya fito a 2019, Labarina da Izzar So suka biyo baya, daga nan ƙofa ta buɗe, kowa da nasa a YouTube. Wasan da a 2015 yake kusan shi kaɗai a fili yanzu yana da kishiyoyi ba iyaka, ana rububin marubuta da 'yan wasa da idon mai kallo. YouTube kuma da yawan kallo yake biya, bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya. Tasha ita ma tana da sa'o'in da dole ta cike da masu tallar da dole ta riƙe. Kowa ribarsa tana cikin tsawo. Daga nan ake samun gaisuwar minti uku, da mota tana shiga gida ana nuna maigadi yana buɗe ƙofa yana rufewa, da labarin da zai ƙare a kashi huɗu a ja shi zuwa goma sha uku. Mai nono in masu saye sun yi yawa ta san inda randa take. Kindirmo ya koma tsala, ƙwaryar dai ita ce.

Abin da ya fi ba ni haushi a nan shi ne, duk wannan musu da ake yi a teburin shayi ba ya cikin lissafin kowa. Mai cajin waya yakan sayi data ya sauke kashi ɗaya, ya tura wa mutum talatin ko arba'in a mimori. A idon YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Baffa ba ya rubuta ra'ayi a ƙarƙashin bidiyo, Goggona ba ta da shafi a ko'ina. Waɗanda ake jin muryarsu su ne na birni da na ƙasashen waje, masu data da lokacin rubutu, tallar da ake nuna musu ma ta fi tsada. Ba mamaki in wasanni suka riƙa karkata zuwa falo mai kujerun alfarma. Mutumin ƙauye yana kallo, amma a matsayin wanda ya leƙo ta katanga.

Akwai kuma tambayar wa ya halatta a tsokana. Barkwanci dole sai da wanda za a ɗana wa tarko. Yaran tashe suna iya sa rawani su kwaikwayi malam yana rawa, ba wanda zai kai ƙara, don an san wasa ne kuma na kwana kaɗan ne. Wasan da ke fita duk mako a gaban miliyoyin mutane ba shi da wannan sarari. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, a watan Mayun 2025 ma ta dakatar da masu dogon zango 22 kan batun kawo su a duba kafin a saki, Daɗin Kowa da Labarina suna ciki. Ko ba hukuma, marubuci ya san in ya taɓa malami za a yi masa huɗuba, in ya taɓa basarake za a kira shi, in ya taɓa ɗan siyasa yaransa suna nan a intanet, mai talla kuwa ba a ko kallonsa da wasa. Idan aka cire duk waɗannan, wa ya rage? Talaka, da mace mai faɗa, da baƙauye. Wato mu. Da daɗewar wasa da yawan idon da ke kansa, da ƙanƙancewar filin da zai yi rawa.

Goggo ce ta ba ni abin da ban samu a teburin shayi ba. Ita ba ta taɓa shiga gidan kallo ba, a wayar surukarta take gani, su huɗu ko biyar a tsakar gida bayan isha'i. Na tambaye ta ko ita ma tana ganin wasan ya lalace.

Ta ce, "Ni ban ce ya lalace ba, ɗan nan. Dariyar ce ta daina zuwa."

Na ce ai duk ɗaya ne, Goggo.

"Ba ɗaya ba ne. Da in aka nuna namiji ya sulale da asuba bai bar na koko ba, dariya muke yi, don a garin nan mutum biyu ne ke yin haka, kowa ya san su. Yanzu gida nawa ne? Kuma ba lalaci ba ne, babu ce. In aka nuna mace tana jijjiga kwanon gari babu komai, sai in ga wadda ke zaune kusa da ni ta sunkuyar da kai."

Na daɗe ina juya wannan magana. Dariyar talauci tana buƙatar ɗan tazara, ko da taku ɗaya ne, tsakanin mai kallo da abin da yake kallo. Daga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da mutane suka riƙa kwana a layin banki, zuwa 29 ga Mayu na shekarar da aka sanar da cire tallafin mai, zuwa lokacin da lita ta haura naira 1,000, wannan tazara ta rufe a gidaje da yawa. Fitowar da aka rubuta a 2016 da wadda aka rubuta a 2024 suna iya zama iri ɗaya kalma da kalma, ta farko ta sa a yi ta ƙyaƙyatawa, ta biyu ta sa a yi shiru. Marubucin bai rage gwaninta ba. Tuwon da ke cikin mai kallo ne ya ragu.

Tsadar man ta kuma kashe wani abu a fakaice. Mai gidan kallonmu yanzu ba ya tayar da inji sai don ƙwallo, ita ce ke cika benci har a mayar da kuɗin mai. Wasan kwaikwayo ya koma waya. Baffa da ya saba kallo cikin mutum hamsin, wani ya yi tsokaci daga baya a fashe, wani ya mayar wa ɗan wasa magana kamar yana jinsa, yanzu shi kaɗai yake kallo a zaure da gilashin da bai kai tafin hannu ba. Dariya kuwa kamar hamma take, ana ɗauka daga na kusa. Masu wasannin barkwanci na Amurka sun san haka tun tuni, shi ya sa suke ɗauka a gaban 'yan kallo ko su saka sautin dariya a ciki. Mu gidan kallo ne ke yi mana wannan aiki kyauta. Nan ma Gizo ya fi su sa'a: ba a yin tatsuniya ga mutum ɗaya da abin ji a kunne, kuma mai sauraro yana da bakin cewa a'a Iya, ba haka kika faɗa jiya ba. Taubashi in ya jefe ka kana da damar ramawa. Waya ba a rama mata.

Don in yi wa kowa adalci, na sa yaron ya nemo mini wasu daga cikin kashin farko-farko, muka zauna da Baffa muka kalla a zaurensa. A ganina, kuma gani ne kawai, mutanen ciki sun fi yawan lunguna a lokacin, ba ka gama sanin mutum a zama ɗaya, nan Baffa yana da gaskiya. Amma akwai wuraren da aka yi ta jan magana ba dalili, akwai wa'azin da aka zuba shi ɗanye, a ɗaya daga ciki ma na waiga na ga Baffa yana gyangyaɗi. Da na tashe shi sai ya ce ai ba waɗannan yake nufi ba, akwai wasu. Kullum akwai wasu. Cikin ɗaruruwan fitowa zuciya takan ajiye goma mafi daɗi, ta zubar da sauran, sannan ta ɗauki goman nan ta auna su da duk abin da aka nuna a makon jiya, har da gaisuwa da buɗe ƙofa. Ba wasan da zai ci wannan awo. Shi ya sa Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da wasannin marigayi Ƙasimu Yero ba su taɓa lalacewa a bakin tsaran Baffa ba: sun gan su a lokacin da tasha ɗaya ce ko biyu, da yamma kawai, kuma ba mai ajiye da su a aljihu balle a kunna a gwada. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In ka lura karin maganar ba ta ce bara ta yi daɗi ba. Bana ta yi wa shaida.

Juma'ar da ta biyo baya musun ya sake tashi, don irin wannan musu shi ma ba a yi masa ƙurunƙus. Na kawo maganar Gizo, na yi bayanin awaki biyu da turke ɗaya, ina jin kaina malami. Baffa ya saurara har na gama, ya kurɓi shayinsa.

"To ai ka faɗi abin da nake faɗa da dogon Turanci," ya ce, alhali ko kalma ɗaya ta Turanci ban yi ba. "Ni ba gyara nake nema ba. A ƙare shi. A nuna mana wanda ya shiryu da wanda ya lalace, a aurar da na aurarwa, a rufe. Na ga farkonsa, ina so in ga ƙarshensa ina da rai."

Mai cajin waya ya ce, "Baffa, in aka rufe, mai riƙe fitila da mai dafa wa 'yan wasa abinci da direban da ke kai su, ina za su? Mutum nawa ke ci a wasan nan? Kai za ka yarda a ce gonarka ta bakin rafi ta tsufa, a daina nomanta?"

"Gona ana barinta ta huta."

"Wa ya bar gona ta huta a garin nan cikin shekara goma?"

Baffa ya buɗe baki, ya duba fuskokin da ke benci ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai kafa misali da shi, bai samu ba. Mai shayi ya ce in an gama a ba shi kofunansa, kuma akwai mutum uku da ba su biya na makon jiya ba.